Tsirkiyar Raket ɗin Kapitan Dauda

A shekarar da fari ya dawo ƙasar Nijar, sojoji suna cika shekara goma a kan mulki, aka wayi gari a wani kulob ɗin tenis na Yamai da abin da ƴan kulob suka kira ɓarna. Kapitan Dauda ya dawo daga rangadin raba tsaba, bai ko biya gida ba ya zarce kulob ya ɗauki raket ɗinsa, saboda washegari yana da wasa da wani babban baƙo. Ya tarar da raket ɗin kwance a kan teburin gyara, an yanke tsirkiyarsa kaf. Raket ne na katako da ya zo da shi daga kwas a Faransa, tsirkiyarsa ta hanjin saniya ce, irin wadda ba a samu a kasuwar Yamai. Kowa ya san ba ya barin wani hannu ya taɓa shi sai na Harouna mai ɗaurin tsirkiya. Shi kuwa Harouna yana unguwar Saga wurin zaman makokin yayansa.

Ba a daɗe ana neman mai laifi ba. A bayan katangar kulob akwai mutanen da fari ya koro daga arewa, sun kafa bukkokin kwali da tsumma, suna ɗibar ruwa a pampon da ake jiƙa fili da shi. Filin na jar ƙasa ne, kullum da yamma sai an yayyafa masa ruwa an ja masa tabarma ya kwanta sumul, a shekarar da shanu ke mutuwa da ƙishi. Wannan bai taɓa damun ƴan kulob ba. Abin da ya dame su shi ne sawun da aka gani a filin, ƙafar mace ce, ba takalmi. Nan take aka tuna da Adama, wata Bafulatana daga wajen Abalak, wadda mijinta ya kora ragowar shanunsu kudu bai dawo ba. Kwanakin baya shofer ɗin Kapitan, wato direbansa, ya yi ƙwallo da bidon, jarkar ruwanta, a bakin pampo, ita kuma ta faɗa masa maganar da bai manta ba. Aka bincike ta, aka sami reza ƙulle a bakin zanenta. Aka tura ta ɗakin ajiyar raga aka rufe, jaririnta yana hannun surukarta a bayan katanga.

Kapitan ya ce kafin magariba kamyo, babbar motar soja, zai zo ya kwashe mutanen bayan katanga ya fitar da su gari, Adama kuma a miƙa ta ga jandarmomi. A wancan lokaci idan mai kaki ya faɗi haka, ba a tambayarsa dalili. Matarsa Hamsatu, malama a makarantar ƴan mata, ta kawo masa karin kumallo da hantsi, ta tsaya jikin mota ta ji hukuncin, ta koma gida.

Shugaban kulob, Mushe Abdulaye, kamar yadda ake kiran ƴan boko da Faransanci, ma'aikacin gwamnati ne ɗan Damagaram. Ba tausayin Adama ne ya motsa shi ba. Tsoro yake ji kada a yi koke-koke a ƙofar kulob ɗinsa ga baƙo na tafe. Ya hau mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗinsa, ya nufi unguwar Wadata wurin Issoufou, tsohon gardi, ɗan sandan karkara, da ya yi rabin rayuwarsa yana bin sawun ɓarayin raƙuma a ƙasar Damargu, yanzu kuma yana sayar da igiya da guga a bakin kasuwa. Issoufou ya saurare shi har ya gama, ya ce shi bai san wannan wasa nasu ba, ko kallonsa bai taɓa yi ba. Abdulaye ya ce ai ƙasa zai duba. Issoufou ya bar wa maƙwabcinsa kaya, ya hau bayan mobilet.

Da isarsa ya sa kowa ya fita daga fili. Ya bi gefe a tsugunne yana dubawa, bai yi gaggawa ba. Sawun ya fara ne daga bakin fili, wajen inuwar dogon yaro inda ake ajiye motoci, ya miƙe zuwa bangon da masu wasa ke buga wa ƙwallo idan ba su da abokin wasa. A gaban bangon ƙafar ta yi ta kai da komo, gaba da baya, dama da hagu, tana kafa yatsu tana juyawa. Ga kuma tambarin ƙwallo a ƙasa barkatai. Abdulaye ya ce ashe sai da ta yi wasan izgili da raket ɗin kafin ta lalata shi. Issoufou ya ce a kai shi wurin matar.

Ya same ta zaune a kan tulin raga, gaban rigarta ya jiƙe da nono. Kafin ya yi tambaya ita ta riga shi.

"Baba, yaron yana kuka?"

Ya ce mata yana yi. Bai ga amfanin ya yi mata ƙarya ba. Ya tambaye ta rezar, ta ce da ita take yanke wa yaron farce, da ita kuma ta aske masa kai, kowace mace a bayan katanga tana da irinta. Ya tambaye ta ko ta taɓa shiga ɗakin gyara. Ta ce me za ta yi da abin nan mai kama da rariya, wanda ko gari ba zai tankaɗe ba, ga shi ma ba garin. Maganar shofer kuwa ta ce ta faɗa, kuma da zai sake harbin bidonta za ta sake faɗa.

Issoufou ya ce ta miƙo ƙafafunta. Ƙafafun wadda ta tako daga Abalak ne, dunduniya ta tsage da faso, yatsu a baje kowane ya kama gabansa. Sawun da ke fili kuwa dunduniyarsa sumul take, yatsun a matse, irin na ƙafar da ta girma cikin takalmi.

Ya je ya gaya wa Kapitan, wanda ke zaune a rumfa yana shan lemu. Kapitan ya ce ƙafa ai ƙafa ce, idan ba ita ba ce to wata ƴar'uwarta ce, duk kamyo ɗaya za su shiga.

"Ka kawo mini suna, tsoho, ko ka koma wurin guganka."

Sai Issoufou ya koma kan mai gadi, Maman, wani Bazabarme mai yawan fara'a, wanda ya tarbe shi da fofo, sannun Zabarmawa, ya shimfiɗa masa tabarma. Maman ya rantse bai ɗaga daga bakin ƙofa ba tun jiya, kuma ko kaza ba ta shiga ba. Issoufou ya bar shi ya gama rantsuwar, sannan ya nuna masa sawun takalminsa na taya, wanda ya fita daga ƙofa ya bi titi da sauri, ya dawo kuma a nutse cikin yashi, kamar na wanda ya ɗauko kaya. Ya tambaye shi abin da ya ɗauko, da abin da ya fitar da shi kafin nan. Fara'ar Maman ta ɗauke. Ya ɗaga wani tsohon bargo a bayan ƙofa, sai ga rabin buhun jar dawa. Ashe bayan sallar asuba ya ja ƙofa ya maƙale ta da waya, ya tafi bin layin tsabar taimako a magazan, rumbun gwamnati, bai dawo ba sai da rana ta fito. Ya roƙi Issoufou ya rufa masa asiri, yana da baki tara a gida.

Issoufou ya ce masa barin aiki don neman abincin iyali abu ne da za a fahimta, amma rantsuwar ƙarya alhali mace na kulle a kanta, wannan shi da Ubangijinsa. Abin da ya samu dai shi ne ƙofa ta zauna ba mai tsaro da sassafe. Wannan bai ba shi suna ba. A ƙarƙashin dogon yaro akwai sawun tayoyi da na takalman mata masu tsini, amma matan ƴan kulob kullum suna zuwa kallo, ba abin kamawa a ciki.

Bayan azahar Harouna ya dawo daga Saga, idanunsa jajur, ya tarar da aiki na jiransa saboda wasan gobe. Aka nuna masa raket ɗin Kapitan. Ya dube shi sau ɗaya, ya ajiye shi gefe da sauri, ya jawo wani. Issoufou ya lura da saurin. Ya yi masa ta'aziyya, ya zauna a kan wani akwati ya ce zai ɗan huta a inuwarsa.

Harouna mutum ne da ya fi sakewa idan hannunsa na aiki. Yana zura tsirkiya cikin hujin katako, yana naɗe bakinta a wani guntun ice ya ja da ƙarfi, sannan ya soka basilla a hujin ta riƙe jan kafin ya wuce na gaba. Kowace ya ja sai ya kaɗa ta da farce ya kasa kunne, kamar mai gyaran molo. Issoufou ya yi ta tambayarsa irin tambayar baƙo, shi kuma yana amsawa. Ya ce tsirkiyar hanji ta fi daɗin bugu amma ba ta son raɓa ba ta son ƙura, ta nilon kuwa kamar jaki take, ta fi jure wahala, ita yake ba mafi yawan mutane. Mai ƙarfin hannu ana tsananta masa ja, mai koyo a sassauta masa. Ya ce yawancin manyan nan raket mafi nauyi da tsada suke zaɓa, mariƙinsa ya fi ƙarfin tafinsu, bayan wata biyu su zo suna kukan gwiwar hannu suna cewa ɗaurinsa ne.

Da ya gama wannan sai ya ɗauko na Mushe Abdulaye, wanda tsirkiya ɗaya tak ta tsinke masa. Ya ɗauki almakashi ya sa a tsakiyar raket ɗin, ya yanke ta tsaye ɗaya, ya yanke ta kwance ɗaya, ya ci gaba da haka yana matsawa waje a hankali. Issoufou ya ce wannan ai almubazzaranci ne, don ɗaya ta tsinke a zubar da sauran. Harouna ya ce dole ne. Da zarar ɗaya ta tsinke, jan ya karkata gefe guda, kuma a zafin Yamai kafin yini ya ƙare katakon ya murɗe, ba ya sake miƙewa. Don haka wanda ya san abin da yake yi nan take yake yanke sauran, kuma daga tsakiya yake farawa don katakon ya saki jiki daidai.

Issoufou ya miƙa hannu ya ɗauko raket ɗin Kapitan ya ɗora shi kusa da na Abdulaye. Yankan iri ɗaya ne, a jere, daga tsakiya zuwa waje, ba inda aka karce katako. Ya bi bakin tsirkiyar da yatsa ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan wadda bakinta ya tarwatse kamar tsohuwar igiyar guga. Wannan ba ƙarfe ne ya yanke ta ba, bugu ne ya cinye ta.

"Harouna, wanda ya yi wannan ba maƙiyin Kapitan ba ne. Ceton raket ɗin ya yi, ya kuma ajiye maka shi inda ake ajiye na gyara. Ko kai ne, ko wanda ka koya wa."

Harouna ya ce duk Saga shaida ce a can ya kwana. Issoufou ya ce ya sani, ya ga ƙafarsa, mace yake nema. Ya tambaye shi me zai sa mace mai takalmi ta tuɓe shi a bakin fili. Harouna ya ce dokar kulob ce, ba a taka fili da takalmi mai tsini don yana huda ƙasa, wanda ya saba ko ba kowa a wurin ba zai taka ba. Yana faɗar haka ya ajiye basilla. Ya ce shi talaka ne mai ƴaƴa, ga na yayansa sun ƙaru masa, idan sunan nan ya fito daga bakinsa ya gama aiki a Yamai. Issoufou ya ce ba zai ce daga bakinsa ya ji ba, amma ya saurara. Suka kasa kunne. Daga bayan katanga ana jin kukan jaririn, ya dishe, yana yi yana yankewa. Harouna ya sunkuyar da kai ya faɗi sunan.

Issoufou ya ari mobilet ɗin Abdulaye da mai tuƙa shi, aka kai shi wani gida a unguwar Plato. Bai shiga ba. A bakin ƙofa ya yi magana, kuma bai tsawaita ba. Ya ce yaro bai sha nono ba tun safe, kuma kafin magariba shi zai faɗi abin da ya gani, ko an zo ko ba a zo ba.

Kamyon ya iso bayan la'asar, sojoji biyu a bayansa, ya tsaya jikin katanga injinsa na aiki. Mutanen bukkoki sun riga sun ɗaure ƴan komatsansu suna zaune a kai. An gama yayyafa wa fili ruwa ke nan, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi. A rumfar da ke ɗaya gefen filin aka taru, Kapitan a kujera, Abdulaye da shofer a tsaye, Maman da Harouna a rakuɓe. Aka fito da Adama aka zaunar da ita a ƙasa.

Issoufou ya ajiye raket biyu a gaban Kapitan ya nuna masa yankan. Ya nuna masa tsirkiyar da ta tsinke da kanta. Ya ce mace ce ta zo da sassafe ƙofa ba kowa, ta tuɓe takalminta don kada ta ɓata fili, ta buga ƙwallo da bango har tsirkiya ta tsinke, ta yanke sauran don kada katakon ya murɗe. Ya ce a bayan katangar nan ba wadda ta san haka, kuma shi kansa Kapitan ya fi shi sanin gaskiyar wannan. Kapitan ya ɗauki raket ɗin ya juya shi, ya daɗe yana kallo. Da safe fushi bai bar shi ya duba ba. Amma mutum ne da ba ya son janye magana a gaban na ƙasa da shi. Ya ce har yanzu bai ji suna ba.

Issoufou ya ce a ba shi izini ya faɗa masa a kunne. Kapitan ya ce a bainar jama'a aka wulaƙanta shi, a bainar jama'a zai ji. Issoufou ya dubi Adama, ya dubi hanya, ya gyara murya.

Wata ƙaramar mota ta shigo ta tsaya a ƙarƙashin dogon yaro. Hamsatu ta fito. Ta zo bakin fili ta zame takalmanta, ta riƙe su a hannu ta ratsa jiƙaƙƙiyar ƙasar har rumfa.

"Ni ce, Kapitan. Ka sallami matar nan."

Ta yi bayani a tsaye, muryarta ba ta tashi ba. Ta ce tun tana makaranta a Dakar take wasan nan, ya sani, a fili ma ya fara ganinta. Da aka ƙara masa girma ya ce matar hafsa ba ta guje-guje a gaban maza, ta bari. Amma idan ya yi tafiya takan zo da sassafe ta buga da bango. Yau ba ta sami raket ɗin da takan ara ba, ta ɗauki nasa. Da ya tsinke ta yanke da almakashin da ke kan tebur, tana zaton za a ɗaure shi kafin ya dawo, sai ya dawo da wuri. Ta ce da hantsi ta so ta faɗa, ta ga fuskarsa, ta kasa.

Kapitan ya ce mata za su yi magana a gida. Ya ɗaga wa sojojin hannu, kamyon ya ja baya ya fita fanko. Ya miƙa wa Harouna raket ɗin ya ce a ɗaure shi da nilon kafin safe. Bai dubi Adama ba, bai kuma ba ta haƙuri ba. Ya tashi ya shiga motarsa. Mutum ya kulle mace yini guda a kan igiyar hanjin saniya, ya gano ba ta yi komai ba, abin da ya dame shi wasan gobe. Haka aka yi, kuma ba wanda ya buɗe baki a wurin, har da Mushe Abdulaye da ya fi kowa karatu.

Hamsatu ce ta rage. Laifinta na safe ƙarami ne, na yinin shi ne babba, kuma ta san haka. Ta durƙusa a gaban Adama da tufafinta masu tsada, ta kama hannunta ta ce ta yafe mata don Allah. Ta ce za ta kawo mata shinkafa da madara da zane, duk abin da take so.

Adama ta zare hannunta a hankali. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ƙafafunta sun sage da zama. Ta tambayi shofer rezarta, ya laluba aljihu ya ba ta, ta ƙulle ta a bakin zane. Sannan ta dubi Hamsatu, ba da fushi ba.

"Madam, da safe kina tsaye jikin mota, na gan ki ta hujin ƙofa, ke ma kin ji kukansa. Bari in je in shayar da shi tukuna."

Ta bi gefen fili ta fita ta ƙofa. Hamsatu na nan durƙushe. Issoufou ya tsaya yana saurare har kukan da ke bayan katanga ya tsaya, sannan ya ce wa Abdulaye ya mayar da shi Wadata kafin maƙwabcinsa ya rufe.